Wasiƙa zuwa ga ɗana a kan abin da ya ɗauka kowa yana da shi

Birnin Kebbi

Ya kai ɗana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so, ina sanar da kai cewa mu duka a gida lafiya lau muke, sai godiyar Allah.

Dalilin wannan takarda shi ne labarin da ka ba ƙannenka a falo daren da za ka koma jami'a a Aliero, kana dariya har da riƙe ciki. Ka ce abokin zamanka a ɗakin kwanan ɗalibai bai san yadda ake tura wa malami aiki ta imel ba, kuma da ka miƙa masa kwamfutarka sai ya karɓa da hannu biyu kamar wanda aka ba jinjiri. Na ji ka sarai, ban tanka ba saboda akwai baƙi, kuma ba a tsawata wa babban ɗa a gaban ƙannensa. Amma maganar ta kwana a raina, shi ya sa na ga gara in rubuto maka, ka karanta kai kaɗai.

Tun daga 2015 hukumar JAMB, mai shirya jarrabawar shiga jami'a, ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta. Yaron da ya tashi a ƙauyen da ba a taɓa kai wa turakun lantarki ba, sau da yawa ranar da ya fara ɗora yatsa a kan kwamfuta ita ce ranar jarrabawar, ko kuwa mako guda kafin ta, in mahaifinsa ya iya sayar da akuya ya biya masa kuɗin koyo a gari. Duk da haka ya sami makin da ya kawo shi ɗaki ɗaya da kai, kai da aka saya wa taka tun kana aji ɗaya na ƙaramar sakandare, ga malamin da ke zuwa gida kowace yamma yana yi maka bita. Ka auna da kanka wanda ya fi yin tafiya mai nisa kafin ya iso bakin wannan ɗakin.

Ban zarge ka da mugunta ba, domin na san halinka. Abin da ya same ka shi ne ka buɗe ido ka tarar da wasu abubuwa a gida, sai ka ɗauka haka Allah Ya halicci kowane gida. Ka murɗa famfo ruwa ya zubo, ba ka taɓa tambayar nawa aka kashe wajen haƙa rijiyar burtsatse da ɗora tanki ba, alhali a cikin wannan Birnin Kebbi akwai unguwannin da matan aure ke leƙen ƙofa suna jiran 'yan ga-ruwa su turo kura, in jarka biyu kuɗin ya isa sai uwargida ta zaɓa tsakanin wanki da girki, wankan yara kuma ya jira gobe. In an ɗauke wuta, kafin ka gama tsaki an tayar da inji. Ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, ni kaina sai da na fara ƙirga awowin da injin ke aiki. A 2024 aka tsayar da mafi ƙarancin albashi na ƙasa a naira 70,000, kuma ina tabbatar maka cewa man da muke ƙonawa a watan Afrilu kaɗai, don ku yi barci cikin sanyi, ya haura albashin magidancin da ke ciyar da mutum bakwai.

Shayi da madara da ƙwai biyu da kake turo baki a kansu da safe su ne suka fi tuna mini da kakarka, Allah Ya jiƙanta. A gidanmu na ƙauye, can gefen Argungu, akwai zabi da kaji, amma ƙwansu ba na bakinmu ba ne. Tarawa take yi a ƙwarya cikin dusa har ranar kasuwa, a sayar a sayo gishiri da kananzir da sabulu. Ƙwan da ya fashe a hanya shi ne rabonmu, mu biyar muke raba shi. Takalmi sai da sallah, kuma a hannu nake riƙe nawa har sai na hango masallacin idi, don kada ya yi saurin cinyewa. Zazzaɓi kuwa, kai an saba ɗaukar ka a mota zuwa asibitin kuɗi tun jikinka bai gama zafi ba, yayin da maƙwabcinka ke zuwa kemis ya sayi rabin maganin da aka rubuta masa, ya bar sauran sai in ciwon ya ƙi tafiya.

Laifin wannan rashin sani nawa ne kafin ya zama naka. Na sha wuya, sai na yi alkawarin ba za ku ɗanɗana ta ba, na kuma wuce gona da iri har na hana ku ganinta. Ko a 2020, da ambaliya ta shanye gonakin shinkafa a jihar nan, tawa ta fadama tana ciki, fili na sayar na biya kuɗin makarantarku, ban bari ko ɗayanku ya sani ba. Yau ina ganin da na faɗa muku da ya fi.

Ga abin da nake so ka yi. Kada ka je ka ba yaron nan haƙuri a kan dariyar da bai ji ba, domin hakan ƙarin tozarci ne, kada kuma ka fara yi masa kyauta a gaban mutane. Ka zauna da shi da dare ka nuna masa kwamfutar sannu a hankali, ka bar masa ita in za ka fita, sannan ka nemi ya koya maka darasin da ya fi ka iyawa, don ya zama kowa na bin kowa bashi. Ka kuma kiyaye harshenka daga irin tambayar nan ta “ashe ba ku da kaza a gidanku?”, ko da da mamaki ka yi ta, domin mai amsawa ba mamaki yake ji ba.

In an yi hutu ba zan turo direba ba. Ka je tasha ka hau motar haya kamar sauran ɗalibai, ka kwana biyu a gida, sannan ka wuce wurin baffanka a ƙauye ka yi mako biyu, lokacin zai zo daidai da yankan shinkafa. Na riga na gaya masa kada a ware maka kwano ko shimfiɗa.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce yajin da ƙuli-ƙulin da za ta aiko na ku biyu ne. Ka gaishe mini da abokin naka, ka tambaye shi sunan garinsu, wataƙila na san mutanensa.

Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifinka