Matasa na ƙaruwa a Kano, ina aikin da za su yi?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ƙidayar 2006 ta ce mutanen Jihar Kano sun haura miliyan 9. Jariran da aka haifa a waccan shekarar yau samari ne da ƴanmata, kowa na neman abin yi. To, masana'antu nawa aka buɗe musu?

Duk wanda ya san Bompai, Sharaɗa da Challawa a shekarun 1980 ya san yadda ma'aikata ke tururuwa da sassafe. Rashin wuta, tsadar man dizal da atamfar China mai araha suka durƙusar da masaƙu da dama. Kasuwa ce ta ɗauki nauyin, amma shago ɗaya a Kantin Kwari yara nawa zai riƙe? Da aka hana acaɓa a 2013, sai aka koma adaidaita sahu, ita ma yanzu direbobi sun yi mata yawa.

Ina roƙon gwamnati, duk sanda za ta faɗi ayyukan da ta samar, ta haɗa da yawan matasan da suka kai munzalin aiki a shekarar. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano (AKK) da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020 kuma, a gaya mana ranar da masana'antunmu za su fara amfana da shi.

Naka,
Wani mai karatu, Fagge, Kano