Yaya, ka karanta wa Inna wannan

Assalamu alaikum Yaya. Ya gida ya yara, ya jikin Inna? Ina fata ƙafar ta yi sauƙi. Ni lafiya lau nake alhamdulillahi, sanyin safe ne kawai, kuma na saba.

Na turo dala 300 jiya da daddare, ka duba. 150 na rufin ɗakin Inna ne kafin damina ta sauka, 100 na magani da ganin likita, sauran 50 ka riƙe a hannunka. Don Allah don Annabi kar ko sisi ya bi ta hannun Auta, na san zai zo maka da zancen gyaran mashin, ka ce ni na hana.

To sai maganar da ta hana ni barci. An ce min Goggo tana yawo gida-gida wai ni tonon kaburbura nake a Amurka, wai ga hoto nan an gan ni tsaye cikin ƙasusuwa, har wai kuɗin da nake turowa sai an yi hattara da su. Haba! Yaya hoton nan da na sa a WhatsApp ƙashin kifi ne, katon kifin nan na teku da suke ce wa wel, irin wanda muke ji a ƙissar Annabi Yunusa. An kafa shi a ƙofar gidan tarihi na nan Santa Barbara, tsawonsa ya fi mita 20, yara 'yan makaranta ma a gabansa suke ɗaukar hoto. Ni kuma aikina a gidan tarihin shara da goge gilasai da dare, tsintsiya da tsumma, babu wanda ya taɓa ba ni shebur. Kuma ƙasar nan tun 1990 akwai doka cewa ƙasusuwan mutanen asali a mayar wa jikokinsu, ba abin da kowa zai taɓa ba ne balle ni baƙo.

Amma tunda an tayar da zancen bari in gaya maka abin da ke cikin gilasan, don kullum ina gogewa ina karantawa har na haddace. Kafin Turawan Sifen su iso gaɓar Kalifoniya a 1542 akwai mutane a nan, sunansu Chumash, kuma har yanzu jikokinsu suna nan. Daga bakin ruwa in gari ya yi garau kana hango tsibirai, to a ɗayansu, Santa Rosa, a 1959 wani mai bincike Phil Orr ya ga ƙashin cinyar mutum a jikin wani kwazazzabo, da aka auna daga baya aka ce shekara wajen 13,000. Ka ji fa. Kuma ko a zamanin sai da jirgin ruwa ake isa wurin, ke nan tun lokacin sun iya teku. A tsibirin dai a 1994 aka tono ƙashin wata irin giwa ta zamanin da, kusan cikakkiya, wadda zaman tsibiri ya tsumburar da ita, tsayinta bai wuce na mutum ba.

Abin da ya fi burge ni kwalekwalensu, tomol suke ce masa. Ba sassaƙa gungume suke ba, alluna suke ferewa su huda su ɗinke da igiya kamar mai ɗinkin ƙwarya, sannan su like da kwalta haɗe da ƙaron itace. Kwalta kuwa a nan daga ƙasa da ƙarƙashin teku take ɓulɓulowa da kanta har gobe. Ran Lahadi na je bakin ruwa na cire silifas na ɗan taka, ina dawowa na ga tafin ƙafata baƙi ƙirin, na yi ta dirza da sabulu a banza, sai wani ɗan Meziko da muke ɗaki ɗaya ya yi min dariya ya miƙo man girki, nan take ta fita. Kuɗin Chumash ɗin ma irin wurin kakanninmu ne, ƙwanson 'yar katantanwar teku suke fasawa su huda su jera a zare. Na tsaya ina kallonsu na ce oh, ashe kowa da abin da yake wahala a kai.

Af, rufin nan, ka sayi kwanon da kanka ka tsaya a kan kafinta har ya gama. Kar ka aiki Auta.

Akwai kuma wata 'yar dabba kamar yanyawa a tsibiran, ba ta fi mage ba, duk duniya nan kaɗai ake samunta. Saura kaɗan ta ƙare. Maganin ƙwari DDT ya lalata ƙwan gaggafa mai farin kai wadda kifi take ci, da ta ɓace sai wata gaggafar ta shigo tana cin 'ya'yan aladun da suka zama na daji, ta haɗa da yanyawar. Sai da aka kwashe baƙuwar gaggafar, aka harbe aladun tsibirin Santa Cruz kusan 5,000, aka dawo da mai farin kan, a 2016 aka ce yanyawar ta tsira. Duk wannan hidimar a kan yanyawa, mu kuwa Inna wata nawa tana jiran layin asibiti, Allah dai ya kyauta.

Labarin da ba na son gogewa kusa da shi na wata mata ce ta tsibirin San Nicolas. A 1835 jirgi ya kwashe mutanenta aka bar ta, an ce ta zauna ita kaɗai shekara 18, tana ɗinka riga da gashin tsuntsu, sai a 1853 aka same ta aka kawo ta garin nan. An yi ta kawo mutane daga ƙabilu daban-daban an ce babu wanda ya ji harshenta, sati 7 ta yi ta rasu, nan aka binne ta, sunanta na gaskiya ma ba a sani ba. Yaya ni ma sai in yi sati ban ce wa kowa sannu da Hausa ba in ba a waya ba. Ba ƙorafi nake ba, ina ci ina sha, haya ce dai take cinye rabin albashi, kuma na san ni na zaɓi tahowa na bar muku ɗawainiyar Inna. Shi ya sa maganar Goggo ta yi min zafi, gwiwata har ta yi kanta wajen goge tayil amma a ce tsafi nake.

Kar ka yi mata faɗa, babba ce. Ka kai mata sabulu da ɗan goro daga cikin 50 ɗin ka nuna mata hoton da kyau, ka ce ta ƙirga haƙarƙarin ta ga ko akwai ɗan Adam mai irinsu. Sauran ka riƙe, ban da Auta, na sake faɗa. In an gama rufin ka turo min hoto, kuma ran Juma'a bayan la'asar ɗinku ka kai wa Inna waya, zan tashi in jira.

A gaida Baffa da Kawu da amarya.

Ƙaninka