Kafin ka hau Stelvio da keke

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya karatu, ya sanyin Italiya? Mutanen gida duk suna gaishe ka. Na ga saƙonka cewa kana so ka hau mashigin Stelvio, hanyar nan da ta haye tsaunukan arewacin Italiya, da keke a farkon Oktoba, da kayanka a kariyar keken. Allah Ya sa a yi a sa'a. Sai dai duk tambayoyinka a kan hawa suka tsaya, alhali inda sanyi yake kayar da mutum shi ne wajen gangarowa.

Ga yadda hanyar take. Idan ka taso daga garin Prato, tsawonta kilomita 24 ne da ɗoriya, za ka hau mita 1,800, ka ƙare a tsayin mita 2,757. Mutanen wannan ɓangaren Jamusanci suka fi yi, don haka a allunan hanya za ka riƙa ganin Prad da Stilfser Joch, wato Prato da Stelvio, kada ka zaci ka ɓata. Daular Ostiriya ce ta gina hanyar tsakanin 1820 da 1825, saboda kekunan dawaki aka zana ta, shi ya sa aka lanƙwasa ta kwana 48. Kowace kwana da lambarta, ana ƙirgawa daga 48 har zuwa 1 a can sama. Yawancinsu bayan ƙauyen Trafoi suke, kuma daga nan ne tudun yake tsananta, ba ya sake sassautawa. Wanda ya ƙona ƙarfinsa kafin Trafoi, a gaba zai biya bashin.

Duba giyar kekenka tun yanzu. Ba tare da kaya ba, faifan sarƙa mai haƙora 34 a gaba da mai 34 a baya sun isa. Da jakunkuna kuwa, nemi ƙaramin faifai na gaba mai haƙora 24 ko 26. Abin da ake so shi ne ƙafarka ta riƙa juya feda sau 70 a minti ba tare da ka miƙe tsaye ba. Giya mai nauyi gwiwa take ci, ga zufa, zufar nan kuwa ita ce matsalar da zan zo gare ta.

Duk mita 1,000 da ka hau, zafi yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi. Ka ga ke nan in ka bar Prato ana digiri 14, sama za ka tarar da 2 ko kusa da haka. Kana hawa ba za ka ji ba, don jiki yana aiki, wataƙila ma ka buɗe zif. Da ka tsaya, rigar da ta jiƙe ta fara zuƙe zafin jikinka. Sannan ka juya ka gangara da gudun kilomita 40 a awa ba ka taka feda, iskar da ke dukanka ta mai da digiri 2 ɗin nan kamar 5 ƙasa da sifili. Yatsu ne suke fara mutuwa, su ne kuma masu riƙe birki.

Don haka kada auduga ta taɓa fatarka, tana riƙe ruwa. Sa rigar ciki ta ulu ko ta zaren roba. Ka hau da kaya kaɗan, har ka ɗan ji sanyi a mintoci goma na farko. A cikin leda ka ɗaure waɗannan a bushe: wata rigar ciki, riga mai kauri, rigar ruwa mai tare iska, dogon wando, safar hannu mai kauri, siririyar hula da za ta shiga ƙarƙashin hular kwano, mayafin wuya, da rufin takalmi. Kana isa sama, kafin hoto, kafin shayi, cire jiƙaƙƙiyar rigar ka sa busasshiya. Mutane sukan ji ƙyuyar tuɓewa cikin iska su ɗora riga a kan jiƙa, rabin amfanin ya tafi. Safar hannun kuma gwada ta a gida, ka tabbata kana iya matsa birki da canza giya da ita.

Abinci ka fara ci tun awa ta farko, kada ka jira yunwa. Da kaya, hawan zai ci awa huɗu ko fiye. Dabino huɗu ko biyar duk rabin awa, da burodi ko ayaba a tsakani. Ruwa rabin lita a awa, ko da sanyi ya kashe maka ƙishi. Cika gora a Trafoi. Akwai otal ɗin Franzenshöhe wajen mita 2,190, inda itatuwa suke ƙarewa ka hango sauran kwanonin jere a jikin dutse, amma a ƙarshen kaka kada ka dogara da samun wuri a buɗe. Tsiran Turawa da ake soyawa a sama kuma, yawancinsa naman alade ne, ka tambaya kafin ƙanshi ya ja ka.

Wajen gangarowa, kada ka riƙe birki ka ƙi saki. Birkin roba yana ƙona rim har tiyub ya fashe, na faifai kuma in ya yi zafi sai ka ji ya daina kamawa. Matsa da ƙarfi a miƙaƙƙen wuri, rage gudu kafin kwana, saki, sake matsawa. Sa sabuwar robar birki kafin tafiya, ka ɗauki wata a jaka, tare da tiyub biyu, faci da famfo. In titi ya jiƙe, ɗan rage iskar taya. Inda inuwa ta faɗa a kan kwalta tana ƙyalli, ɗauka ƙanƙara ce, wuce ta a miƙe ba tare da birki ko karkata ba. Tsaya duk bayan kwana bakwai ko takwas, ka cusa hannu a hammata har yatsu su dawo. In kyarma ta ƙi tsayawa, ko ka kasa jan zif, ko harshe ya fara nauyi, tafiya ta ƙare, nemi ɗaki mai ɗumi. Lambar gaggawa 112 ce, wayarka kuma ta zauna a aljihun ciki, don sanyi yana cinye batir.

Idan Bormio za ka sauka, wato garin da ke ɗaya ɓangaren dutsen, kilomita 21 ne da ɗoriya, kuma akwai wuraren da hanya ta huda dutse, ga duhu ga ƙunci. Fitila gaba da baya dole ce.

Ka taso da ƙarfe 8 ko 9, ka bar sama kafin 2 na rana, tun inuwa ba ta rufe kwarin ba. Guji Asabar da Lahadi saboda masu babura. Yawanci ana buɗe hanyar daga ƙarshen Mayu zuwa wajen ƙarshen Oktoba, amma dusar ƙanƙara tana iya rufe ta kowace rana. Akwai kyamarori a sama da ake kallo ta intanet, duba su da asuba. In ka ga fari a bakin titi ko an yi hasashen ruwa, ɗaga tafiyar. Ni da za ka ji tawa ma, da ka dawo da ita farkon Satumba.

Ka rubuto min yawan haƙoran giyarka da nauyin kayanka, sai in gaya maka abin da za ka rage. A gaida abokan zama.

Naka,
Abokinka