Kira ga Masu Injinan Buga Fileks: A Kula da Hed Tun Kafin Ya Toshe

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana da 'yan'uwana masu shagunan ɗab'i, musamman waɗanda suka zuba jarinsu a manyan injinan fesa tawada da ake buga fileks (ledar allunan talla) da sitika da hotunan riguna da su. Sana'ata gyaran waɗannan injina ce, kuma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne mafi yawan waɗanda ake kirana in duba suna da sauran shekarun aiki a gaba, sakaci ne kawai ya kwantar da su. Mai shago ba ya tuna injinsa sai ranar da layuka suka fara bayyana a fuskar hoto, alhali a lokacin ɓarnar ta riga ta yi nisa.

Ran injin gaba ɗaya yana cikin abin da muke kira hed, wato kan da ke kai da kawowa yana fesa tawada. Hed ɗin Epson DX5, wanda ya daɗe a kasuwarmu, yana da ƙananan ramuka 1,440, na XP600 yana da 1,080, shi kuwa i3200 yana da 3,200, kuma kowane rami bai kai kaurin silin gashi ba. Tawadar da ake buga fileks da ita an haɗa ta ne domin ta bushe da sauri, don haka idan aka bar hed a buɗe, cikin waɗannan ramuka za ta fara bushewa. Daga waje ake shigo da hed, da dala ake sayensa, kuma tun da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023 sayen sabo ya zama abin da ke iya durƙusar da ƙaramin shago.

Yanayin ƙasarmu kuma ba ya yi wa waɗannan injina sauƙi. Masu ƙera su galibi suna son danshin iskar ɗaki ya kasance tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin 100, amma a tsakiyar hunturu danshin iska a Kano yakan faɗi ƙasa da kashi 20, ga ƙura da ke shiga ta kowace kafa, sannan a watan Afrilu zafi ya haura digiri 40. Duk da haka za ka tarar da inji a shagon da ke bakin titi, ƙofa a wangale, ana yankan leda a gefensa, yaro kuma yana share ƙasa da busasshiyar tsintsiya. Ƙurar da ta tashi takan sauka a fuskar hed, ta haɗu da tawada ta daskare. Takan kuma kwanta a kan siririn zirin roba mai ɗauke da ƙananan layuka wanda ya miƙe daga wannan gefe na injin zuwa wancan, wanda da shi injin ke gane inda hed yake. Idan zirin ya yi datti, sai rubutu ya fito biyu-biyu, wani lokaci ma keken da ke ɗauke da hed ya je ya bugi bangon injin da ƙarfi. Maganin ba shi da wuya: a killace wa injin ɗakinsa, a goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma, a kakkaɓe nadin fileks kafin a ɗora shi, a rufe injin da yadi idan an tashi, a kuma sa na'urar ƙara danshi lokacin hunturu.

Abin da na fi so masu shaguna su riƙe shi ne aikin kowace safiya, wanda bai wuce na minti goma sha biyar ba. Kafin a taɓa aikin kowa, a buga gwajin ramuka, a duba ko akwai layin da ya yanke a cikin launukan, a rubuta kwanan wata a jikin takardar a adana, domin ta haka ake gane matsalar da ke ƙaruwa sannu a hankali. Bayan haka a goge bakin murfin robar da hed ke komawa ya zauna a kai, da kuma robar da ke share fuskarsa, ana amfani da tsinken soso da ruwan wankin da ya dace da irin tawadar. Auduga da tishu suna barin zare, fetur kuwa yana cinye roba. Murfin nan yana da araha ƙwarai idan aka kwatanta da hed, amma da zarar bakinsa ya taurare ya daina kamawa, iska za ta riƙa shiga duk dare, kuma famfon injin ba zai iya zuƙo tawada ba ko da an danna maɓallin wanke hed sau goma. A nan ne yaran shago kan ɗauko sirinji su tura ruwa da ƙarfin tsiya, sai bangon da ke raba launuka a cikin hed ya fashe, ja ya gauraya da shuɗi, kuma wannan ba ta da gyara.

Masu buga riguna da farar tawada suna da ƙarin nauyi, domin sinadarin da ke ba ta farin launi yana da nauyi, yana kwantawa a ƙasan tanki da cikin bututu. Dole ne a girgiza ta kullum a kuma buga ɗan gwaji ko da babu aiki. Hutun Sallah kaɗai ya isa ya toshe hed idan aka kulle shago aka tafi ba tare da an ɗora wa wani alhakin leƙowa ba. Haka kuma kada a zuba tawadar wani kamfani a kan ta wani sai an wanke bututu tas, kuma a riƙa duba ranar ƙarewar aikinta a jikin kwalba.

Batun wuta ba sai na tsawaita ba. Sitabilaiza da UPS (na'urar da ke riƙe wuta na ɗan lokaci idan an ɗauke) da wayar ƙasa mai kyau (wato wayar 'earth') wajibi ne, kuma idan aka ɗauke wuta hed yana tsakiyar aiki, a mayar da shi kan murfinsa nan take. Kada a cire ko a mayar da wayar hed injin yana kunne.

Laifin ba na yara ba ne su kaɗai. Maigidan da ke cewa kwastoma na jira, a bar goge-goge sai an samu sarari, shi ne ya koya wa yaronsa cewa kulawa ɓata lokaci ce. Dillalan da ke sayar da injinan su ma ya kamata su zauna su koyar da mai aiki sosai, tunda littattafan bayanin da Turanci ko Sinanci suke zuwa, kuma ina ganin ƙungiyoyin masu ɗab'i za su iya shirya bita da Hausa a jihohinmu. Zaɓen 2027 yana tafe, kuma duk wanda ya yi aiki a kakar 2023 ya san yadda injina ke kwana suna buga fastocin 'yan takara. Wanda bai canja murfi da robar shara da matatun tawada tun yanzu ba, a tsakiyar wannan rububi zai nemi mai gyara, lokacin da kowannenmu yana da injina a layi, kayan gyara kuma sun yi tsada.

Na gode.

Naka,
Mai gyaran injinan ɗab'i,
Kano.