Wasiƙa zuwa ga iyaye: shaye-shaye ya kai ga allura

Assalamu alaikum, iyayenmu da masu riƙon ɗalibanmu.

Wasiƙar wannan zango ba ta kuɗin makaranta ba ce. Magana ce da ba ma son yi, amma ta zama dole. Kowa ya san kodin da tiramol. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, wasu matasan sun wuce sha, sun koma yi wa kansu allura, musamman ta fentazosin, maganin kashe zafin ciwo da suke kira "fenta".

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar da tallafin ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3, masu shekara 15 zuwa 64, sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabace shi. Kimanin 80,000 daga cikinsu allura suke yi. Kuma ɗaya cikin kowane mutum huɗu masu shaye-shaye mace ce, don haka kada uwa ta ce ita 'ya'ya mata ta haifa, ba ruwanta.

Haɗarin allura ya fi na sha nesa ba kusa ba. Idan samari suka zauna da sirinji ɗaya suna miƙa wa juna, jinin wannan ne ke shiga jijiyar wancan. Ta nan cutar ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C suke yaɗuwa, kuma ciwon hanta yakan yi shekaru a jiki shiru kafin ya bayyana. Ga gyambon da ke ɓarkewa a hannu da cinya. Mafi muni, ƙwayar tana danne numfashi idan ta yi yawa, yaro ya kwanta bai tashi ba.

Saboda haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya take goyon bayan abin da ake kira rage illa: a ba mai allura sirinji sabo, a yi masa gwaji da rigakafin ciwon hanta na B, a sa shi kan magani irin methadone, mai rage sha'awar ƙwayar, ƙarƙashin kulawar likita. Mun san wasunku za su ce wannan ɗaure wa ɓarna gindi ne. Mu ma burinmu yaro ya daina gaba ɗaya. Sai dai bincike a ƙasashe da dama ya nuna cewa raba sirinji bai ƙara yawan masu allura ba, cutar ce ya rage. Kuma mai rai ne ake iya yi wa magani.

Roƙonmu a gare ku shi ne, idan kun ga tabon allura a jikin yaro, ko yawan gyangyaɗi, ko kuɗi na ɓacewa a gida, kada ku kore shi, kada kuma kunyar maƙwabta ta sa ku rufe maganar. Ɗaure shi a mari ba magani ba ne. Wanda aka tsare ya daina na ɗan lokaci, jikinsa ba ya iya ɗaukar abin da ya saba ɗauka a da. Ranar da ya koma, allurar farko tana iya kashe shi. Ku kai shi asibiti. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna da Kware da Maiduguri suna duba masu wannan matsala, hukumar NDLEA ma tana da sashen ba da shawara.

In kuwa kun tarar da shi ba ya amsawa, numfashinsa ya yi ƙasa, ƙwayar idonsa ta tsuke, kada a ɗura masa madara ko manja. A kwantar da shi a gefensa, a garzaya da shi asibiti, a gaya wa likita gaskiyar abin da ya yi amfani da shi. Akwai maganin naloxone da ke dawo da numfashi cikin mintuna kaɗan.

Duk wanda ke da damuwa game da ɗansa ko 'yarsa ya zo ofis ya same ni ko malamin ba da shawara. Abin da aka faɗa a nan, a nan zai tsaya.

Allah Ya shirya mana zuri'a.

Shugaban makaranta