Wasiƙa daga Shikago: Inda Zan Koyi Sa Barci

Shikago, Amurka
23 ga Fabrairu, 2025

Zuwa ga aminina Dakta Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya da iyali baki ɗaya. Yaya aiki, yaya kwanan asibiti? Saƙonka na murya ya iso, har da tsiyar da ka yi mini, wai rana ɗaya muka bar makarantar Dawakin Kudu amma kai har ka zama rajistara, likita mai horon ƙwarewa, ni kuwa ina nan ina yawo da guntuwar farar rigar ɗalibai. Na karɓa, likita bokan Turai. Laifin tsarin nan ne: sai ka yi digiri na shekara huɗu kafin a bar ka ka taka makarantar likitanci, can ma wata huɗun ce.

Dalilin wannan doguwar wasiƙa shi ne kaina ya ɗauki zafi, kuma kai kaɗai ne za ka gane ba sai na yi ta bayani ba. Ranar 5 ga Maris, ƙarfe tara na dare agogon gabashin ƙasar nan, za a rufe karɓar jerin zaɓi. Kafin nan sai na jera asibitoci 11 da suka yi mini intabiyu, daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, inda nake so in yi horon ƙwarewa a fanninmu na sa barci da kashe zafin tiyata. Shekara huɗu ne: ta farko ana zagaya da kai sassan asibiti, ukun da suka rage kana bakin kan majinyaci a ɗakin tiyata. Duk inda kwamfuta ta jefa ka kuwa, alkawari ne, ba ka da ta cewa.

Bari in fara da yadda rabon yake, don ba irin namu ba ne da za ka ci Primary, jarrabawar shiga horon ƙwarewa, ka zauna jiran asibiti ya yi tallar gurbi. Nan wata hukuma ce mai suna NRMP take haɗa kowa da kowa a rana ɗaya, tun 1952. Kafin zuwanta asibitoci rububin ɗalibai suke yi, har su kama yaro saura shekara biyu ya gama, ko su ba shi 'yan awoyi ya ce e ko a'a. Yanzu mu mu rubuta jerinmu, su ma su rubuta nasu a asirce, kwamfuta ta yi sauran. Ka ɗauke shi kamar neman aure. Ni ne manemi: kwamfuta za ta kai ni gidan da na sa a farko. In suna da gurbi, ko sun fi so na a kan wani da suka riƙe, sai a ce in zauna tukuna. In wanda suka fi so ya zo daga baya ya ture ni, sai a wuce da ni gida na biyu, haka har kowa ya samu wurin zama. Tun 1998 mu manema ne muke fara sallama, ba asibitoci ba, kuma a kan irin wannan lissafi aka ba Alvin Roth da Lloyd Shapley kyautar Nobel a 2012. Abin da wannan ke nufi shi ne, don ka sa gidan sarki a farko ba ka rasa gidan maƙwabci. Ba wayon da zai amfane ka. Amma ka zo ka ga 'yan ajinmu, masu kaifin ƙwaƙwalwa, suna sauko da wurin da suke so don wai ba za a ɗauke su ba, suna ɗaga wani don daraktansa ya aiko musu da imel mai zaƙi. Ni ma na samu irin wannan imel guda biyu. Na karanta, na ji daɗi, na rufe. Doka ma ta hana su neman ka yi musu alkawari, su kuma nasu daɗin bakin ba ya ɗaure kowa.

To tunda dabara ba ta da amfani, sai abu mai wuyar ya rage: in san abin da nake so da gaske.

Da farko na yi abin da kowa ke yi. Na buɗe Doximity, wani shafin intanet na likitoci, na bi jerinsu na wa ya fi wa suna. Daga baya na lura galibin wannan jeri ra'ayin likitoci ne da aka tambaya, kowa kuma gidansu yake yaba. Ba zan yi maka ƙarya ba, suna yana ja na. Shekarar da na je Boston na hau har ɗakin nan mai ƙubba a Massachusetts General, inda William Morton ya shaƙa wa majinyaci iskar sa barci ta ether ranar 16 ga Oktoba, 1846, aka yanke masa ƙari a wuya bai yi ihu ba. Tsigar jikina ta tashi. Wa zai ƙi a ce daga irin waɗannan gidaje ya fito? Shi ya sa lokacin cike takardu a Satumba, da aka ba mu alamun nuna so, zinare biyar da azurfa goma, kamar dai toshi, uku daga zinarena manyan sunaye na kai wa. Ɗaya ya amsa.

Daga nan na zana tebur a kwamfuta, na ba kowane asibiti maki: yawan aiki, cin jarrabawa, albashi, haya, biza, sanyi, nisan masallaci. Kwana uku ina fama. Sai na kama kaina ina ƙara wa wannan layi nauyi, ina rage wa wancan, har sai wani asibiti guda ya hau sama. Sau uku ina yin haka, kuma kullum shi ɗin ne. Na yi dariya ni kaɗai na kashe kwamfutar.

Ga su nan yadda suke a raina, huɗun da ke takara. Sauran bakwai cikon benci ne, sai dai duk na sa su, domin wanda ya gajarta jerinsa shi ke kwana a waje.

Na farko shi ne mai babban sunan, a bakin tekun gabas. Komai akwai: dashen hanta, dashen huhu, tiyatar zuciyar jarirai. Sai dai gidan cike yake da waɗanda suka riga suka gama horo suka dawo ƙarin shekara ɗaya a zuciya ko yara ko kashe jijiya. A hirar dare da aka haɗa mu da masu horon ta Zoom, ba malamai, na tambayi wata 'yar shekarar ƙarshe wa ke riƙe allura idan babban aiki ya zo. Ta yi ɗan shiru, ta ce ya danganta da ranar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan shirun ya fi mini duk hotunan da suka nuna mana da safe.

Ka gane, hukumar ACGME, mai sa ido kan horon likitoci a nan, ta gindaya mafi ƙarancin abin da kowa zai yi kafin ya fita: haihuwa 40, tiyatar ciro jariri 20, yara 100 'yan ƙasa da shekara 12, biyar daga ciki 'yan ƙasa da wata uku, tiyatar zuciya 20, allurar kashin baya 40, ta epidural, ita ma a baya ake yin ta, 40, ta kashe jijiya 40. Kowane asibiti zai ce maka muna cikawa. To dole su cika mana, in ba haka ba a rufe su. Tambayar da na koyi yi ita ce: a wane wata kuke cikawa? Wanda ya gama adadin haihuwarsa cikin wata guda da wanda sai an yi masa ciko a shekarar ƙarshe, takardarsu iri ɗaya ce, hannunsu kuwa ba ɗaya ba.

Na biyu, wanda teburina ya yi ta turowa sama, asibitin gwamnati ne a Texas, na talakawa da baƙin haure da marasa inshora. Ba kyan gini. Na biya kuɗin jirgi na je na gani da idona a Janairu, tunda intabiyu galibi ta bidiyo ake yi tun zamanin korona, kuma gani ya kori ji. Nasiru, ɗakin haihuwarsu ba ya barci. Mata na zuwa ba su taɓa awo ba, jini ya hau, wata tana jijjiga, wata mahaifa ta rabu. Harbin bindiga da haɗarin mota kuwa kowane dare. Ina tsaye a wurin sai labarinka ya faɗo mini, na daren nan a asibitin da ka yi bautar ƙasa, da matar da jini ya ɓalle mata ƙarfe uku, wuta ta ɗauke, ba jini a banki, ba kowa sai kai da allurar sa barci ta ketamin da fitilar waya da yatsanka a kan jijiyar wuyanta. Tun ranar da ka ba ni wannan labari nake auna kaina da shi. Nan an saba mana da na'urar da ke nuna maƙogwaro a talabijin, da sikanin kafin a soka kowace allura, da injin da ke ƙirga iskar da majinyaci ya fitar. Halotan, tsohon maganin sa barcin nan na shaƙa da kuke ta fama da shi, ni ko kwalbarsa ban taɓa gani ba. Ina tsoron in fito ƙwararre wanda in aka zare masa soket ya zama ɗan kallo. Na tambayi daraktansu ko har yanzu suna sa yara zura bututun numfashi da ƙarfen hannu na da. Ya ce watanni na farko ba ka taɓa mai talabijin sai in an ga wuya, kuma kafin ka fita sai ka jagoranci kwanan aiki kai ne babba, malami na bayanka. A nan ya saye ni.

Aibinsa a fili yake: aiki kamar jaki. Doka ta ce kada a wuce awa 80 a mako in an raba a kan mako huɗu, su kuwa ba sa nesa da bakin layin a wasu watanni. Kuma akwai jarrabawar BASIC ta ABA, hukumar da ke ba likitocin sa barci shaidar ƙwarewa, a ƙarshen shekara ta biyu, wadda sai mutum ya samu lokacin karatu. Na ga gajiya a idanunsu, amma na ga suna tsokanar juna, kuma ba wanda ya bar shirin a 'yan shekarun nan, in ji su. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Na uku wani ƙaramin gari ne a arewa ta tsakiya. Haya arha, mutane masu kirki, nas-nas masu sa barci suna karɓar ka da la'asar ka tafi gida ka yi karatu. Sai dai ƙanƙara wata biyar, naman halal sai ka yi tuƙin awa guda. Na huɗu New York, kusa da Bronx, inda Hausawan Gana suka yi zango sosai. Na ci tuwo da miyar kuka a can har na kusa hawaye. Amma albashin mai horo dala dubu 60 da wani abu ne zuwa 70 da ɗoriya a yawancin wurare, ko an ƙara maka don tsadar gari, hayar ɗaki ɗaya za ta cinye kusan rabi. Ga Maryam na tafe bayan Babbar Salla in Allah ya yarda. Ba zan kawo 'yar mutane in ajiye ta a akurki ba.

Wani abin da ba ya cikin kowane jeri: salla. Ka san aikinmu, ba ka barin mai barci ko na minti ɗaya sai wani ya karɓe ka. Hutun a al'ada minti 15 ne da safe, 30 na abincin rana. Ban yi wannan tambaya ga daraktoci ba, na jira masu horon. A Texas wani ɗan Pakistan ya ce mini shi da wata Bayahudiya suke musanya, ya riƙe mata Asabar, ta fitar da shi Juma'a. A wani wurin kuwa da na tambaya sai aka yi ta kallon juna. Na sauko da su zuwa na tara.

Sai biza. Mai babban sunan yana yin H-1B, wadda ke buɗe hanyar zama dindindin. Na Texas J-1 kawai yake yi, ta hannun ECFMG, hukumar da ke tsaya wa baƙin likitoci, ita kuma sharaɗinta in ka gama ka koma ƙasarku shekara biyu, sai in ka samu sassauci ta hanyar aiki a yankin da ba likitoci. Abokaina na nan gani suke na haukace. Ni kuma da na zauna na ga J-1 tana ba Maryam damar neman izinin aiki, kuma komawar da suke tsoro ai ita ce abin da na faɗa wa Baba ranar da ya raka ni filin jirgi. Ƙungiyar likitocin sa barci ta duniya na neman a samu aƙalla likitocin sa barci biyar ga kowane mutum 100,000. Mu ko ɗaya ba mu kai ba. Ba cika baki nake ba, ban san yadda zuciyata za ta kasance nan da shekara huɗu ba, dala tana da daɗi. Amma gara takardar da za ta tuna mini.

Na yi istihara dare uku. Na kira Hajiyata na karanto mata duka, ta saurara har ƙarshe, ta ce ita ba ta san Texas ba, amma in je inda akwai rana da masallaci. Jiya na sa Texas a farko, mai babban sunan na biyu, New York na uku, garin ƙanƙara na huɗu. Na danna tabbatarwa. Ana iya sauyawa har ranar rufewa, kuma kowa ya ce masu sauyi a daren ƙarshe su ne masu nadama, don haka na ba wani abokina amanar ya ƙwace mini kwamfuta ranar.

Alfarma biyu nake nema. In J-1 ɗin ce ta tabbata, sai an kawo takardar shaidar buƙata daga Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya a Abuja. Ka tambayar mini cikin waɗanda suka riga mu ta wane ofis ake bi. Na biyu, ka rubuto mini gaskiya, cikin abin da kake yi kullum a tiyata, me kake ganin wanda ya koyo a nan zai zo ya kasa. Kada ka saya mini.

Litinin 17 ga Maris za a gaya mana ko mun samu wuri, ba tare da an faɗi ina ba. Juma'a 21 ga wata, sha biyun rana agogon gabas, za mu buɗe ambulan. Ƙarfe biyar na yamma ke nan a wurinku, ana haramar shan ruwa, ga shi goman ƙarshe ta kama. Ka sa ni a addu'a, kuma ka bar wayarka a kunne ko kana tiyata, wani ya riƙe maka.

Ka gaishe da Hajiya da kyau, da uwargida, da ɗan sunana. Ka ce wa su Bashir ina nan ban manta da bashin kilishina ba. Allah ya kai mu azumi lafiya.

Naka har kullum,
Aminu