Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Mai Martaba Sarkin Damagaram

Ranka ya daɗe,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, ina roƙon Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara wa ƙasar Damagaram lafiya da wadata.

Ni ɗaya ce daga cikin talakawanka, matar aure, uwar 'ya'ya. Aikin sa kai nake yi a wata likita ta unguwa cikin garin nan. Ni ba ungozoma ba ce, albashi ma ba ni da shi. Nawa shi ne tara mata ranar awo, in duba karnen awon kowace, in tuna mata ƙwayar ƙarin jini da maganin zazzaɓin cizon sauro da ake ba masu ciki, in bi gida-gida neman wadda ta daina zuwa. Bana kuma ni kaina ina ɗauke da juna biyu, har cikin ya tsufa, a benci ɗaya nake zama da matan da nake yi wa hidima.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata magana da ta yi ƙarfi a unguwanni, wai ɗakin tazarar haihuwa wurin zubar da ciki ne, mu masu sa kai kuma 'yan koren wannan aiki ne. An faɗa mini a gidan suna, an faɗa wa maigidana a majalisa. Wata dattijuwa da nake ganin girmanta ta dubi cikina ta ce, "'Yata, ke da ke ɗauke da rai, me ya kai ki inda ake kashe rai?" Na san ƙauna ce ta sa ta faɗa. Amma ba haka abin yake ba, kuma wannan zato yana cin rayuka.

Dokar ƙasarmu a fili take. Zubar da ciki laifi ne da ake ɗauri a kansa. Dokar lafiyar haihuwa ta 2006 ta buɗe ƙofa ne kawai inda cikin zai halaka uwa ko ya yi wa lafiyarta mummunar illa, ko likitoci suka tabbatar abin da ke cikin yana da cuta mai tsanani. A shekarar nan ta 2006 majalisar dokoki a Yamai ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Maputo, wato ta ƙasashen Afirka kan haƙƙin mata, wadda ta yarda da zubar da ciki a wasu halaye. Mutane suna jin labarin Benin, inda aka sassauta doka a 2021, suna ganin rigimar Amurka a Facebook tun hukuncin kotun ƙolinsu na 2022, sai su ɗauka mu ma an shigo mana da ita ta bayan gida. Ba a shigo da ita ba. Ni kaina, da nake jin motsin ɗa a jikina dare da rana, ba zan tsaya a wurin da ake zubar da ciki don son rai ba, kuma na san tsananin da malamanmu na Malikiyya suka yi a kan wannan.

To, ranka ya daɗe, ga inda ɓarnar take. Ɓari abu ne da ke samun mata da yawa ba da laifinsu ba: zazzaɓi, ƙarancin jini, daka da ɗibar ruwa da tsohon ciki, haihuwa a kan haihuwa. Mace ta yi ɓari, wani abu ya rage a mahaifa, jini ba zai tsaya ba sai an wanke cikin. Aiki ne da ungozoma ta iya, ba ya ɗaukar lokaci idan an zo da wuri. Amma yanzu mace sai ta kwana tana zubar da jini a ɗaka, tana canza zane, tana shan jiƙo, don kada a gan ta a bakin ƙofarmu a ce ta je zubarwa. Uwar miji ta ce a jira gari ya waye. Miji yana kasuwa ko yana ci-rani a Kano ko Agadas, ba mai ba da izini. Lokacin da za a ɗauko ta, idonta ya yi fari fat, jiki ya yi zafi, sai mu tura ta babbar likita a shiga neman mai ba da jini. Wannan a cikin birni ke nan, inda akwai mota da kabu-kabu. Ka duba wadda za a ɗauko a amalanke daga wani ƙauye na Tanut ko Gure.

Ba zan ɓoye wa Sarki ba, akwai kuma yarinyar da ta sha wani abu a ɓoye, ko ta je hannun wanda bai san aiki ba, ta zo tana tsakanin rai da mutuwa. Abin da ta yi ban yarda da shi ba. Amma idan na riƙe hannunta ana yi mata aiki, ban ga wanda ya yi mata cikin ba, shi yana can yana yawonsa da farar riga. Barin ta ta mutu a zaure ba zai dawo da abin da ya zube ba, sai dai a yi jana'iza a ƙara maraici a gidan. Tuba kuwa sai mai rai ke yin ta.

Tazarar haihuwa ita ma an jefa ta cikin wannan zargi, alhali Alƙur'ani ya ambaci shayarwa shekara biyu cikakku, iyayenmu kuma sun san illar kwanika tun kafin a kawo ƙwaya da allura. Macen da ta huta ta yaye ɗanta lafiya ba ta kashe kowa ba.

Na kawo kukana fada ne domin maganar da ta fito daga Birni, unguwar fada, tana shiga inda tamu ba ta shiga. A jihar nan aka fara makarantar mazaje, a yankin Magarya da Matamai, inda magidanta ke zama su tattauna lafiyar matansu, har wasu ƙasashe suka kwaikaya. Da hannun sarakuna da malamai abin ya yi ƙarfi. Irin wannan hannu nake roƙo yau.

Ina roƙon Sarki ya tara limaman Juma'a da masu unguwanni da ungozomomi a zama ɗaya, malamai su yi tambaya, ma'aikatan lafiya su ba da amsa, a buɗe musu ɗakunanmu su ga abin da ake yi da idonsu. Bayan haka a faɗa a kan mumbari da gidajen rediyo cewa duk mai cikin da ta ga jini a kai ta likita nan take, ko miji yana nan ko ba ya nan, kuma kada kowa ya tsare ta da tambaya kafin a ceto ta. A kuma kira samari da magidanta su riƙa ba da jini tun kafin buƙata ta taso.

Mu ma masu sa kai muna buƙatar kalma ɗaya daga bakin Sarki. Wasu daga cikinmu mazajensu sun hana su fita saboda wannan magana, unguwanninsu yanzu ba mai bin masu ciki gida. Ni ma na kusa zama don haihuwa da jego, kuma har yau ba a samu wadda za ta karɓi matan da nake bi ba.

Allah ya ba Sarki nasara, ya ja kwana.

Taka mai biyayya,
wata mai aikin sa kai a Damagaram